Baba ya ƙi tashi daga gado bayan aikin ƙashin baya

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 73, ya daɗe da ciwon suga da hawan jini, bara kuma aka ce ƙodarsa ta ɗan raunana. Kafin a yi masa aiki ba ya tafiyar minti biyar sai cinyoyinsa su ɗau zugi, ƙafafun su yi nauyi, dole ya nemi wurin zama. Likita ya ce hanyar jijiyoyi ce ta tsuke a ƙugu, tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, wato L4 da L5. Yau kwana 19 da aikin, an sa masa ƙusoshi huɗu. Zugin cinyoyin ya tafi, amma tafin ƙafarsa har yanzu dindiris yake. Ba ya barin gado sai zuwa banɗaki, wai kada ƙusoshin su goce, in ya miƙe kuma jiri yake gani. Sugansa na safe yana kai 240. Shekaranjiya da dare ya yi ta sambatu har bai gane ƙanena ba, da gari ya waye ya dawo daidai. Yana shan tiramadol da gabafentin don ciwo, wani ɗan'uwa kuma ya kawo masa diklofenak. Aikin ne bai yi ba? Mu ƙyale shi ya huta har ya ji ƙarfi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma sannu da jinya. Kin haɗa abubuwa da yawa a wasiƙa ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Tafin ƙafar da ya fi tsaya miki a rai shi ne mai sauƙin cikinsu. Sambatun daren da kika ambata a gurguje, shi ne wanda ba zai jira ranar da aka ba ku ta komawa asibiti ba.

Dattijon da hankalinsa ya gushe farat ɗaya bayan tiyata, ya kuma dawo da safe, ba rikicin tsufa ke damun sa ba. Rikicin tsufa a sannu yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Wannan da ke zuwa cikin sa'o'i, ya tsananta da dare, ya lafa da rana, ƙararrawa ce jiki ke bugawa cewa akwai abin da ya taɓu: ƙwayar cuta a wurin aikin ko a fitsari ko a huhu, fitsarin da ya taru a mafitsara ya ƙi fita duka, bayan gida da ya ƙafe, gishirin jini da ya faɗi, suga da ya sauka cikin dare, ko magani da ya yi wa jiki yawa. A wajen Baba, na ƙarshen nan ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Gabafentin ta ƙoda kaɗai yake fita daga jiki. Ƙodar da ma mai rauni ce, diklofenak ya zo ya rage jinin da ke shiga cikinta, sai gabafentin ya rasa mafita ya yi ta taruwa, ga tiramadol yana ƙara masa nauyi a ka. Jiri, gyangyaɗi da ruɗewa duk suna iya fitowa daga wannan haɗin.

Don haka a kai shi wurin likitansa yau, in ya gagara gobe da safe. A tafi da duk maganin da ke ɗakin a cikin kwalayensu, har da wanda ba likita ya rubuta ba. Ki nemi a duba aikin ƙoda da gishirin jini, a ƙidaya ƙwayoyin jini, a yi gwajin kumburi na CRP, a auna fitsari, a kuma buɗe wurin aikin a gani da ido. Diklofenak kam a ajiye shi tun yanzu. Gabafentin da tiramadol ba a yanke su farat ɗaya, likita ne zai rage su daki-daki gwargwadon abin da gwajin ƙoda ya nuna. Amma in kika ga yana barcin da ba ya tashuwa sai da ƙyar, ko numfashinsa ya sauka ƙasa da sau 10 a minti, kada a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya, a wuce sashen gaggawa.

Ɗan'uwan da ya kawo diklofenak da kyakkyawar niyya ya kawo, kuma da ma maganin yana kashe ciwo sosai, shi ya sa yake da wuyar rabuwa. Sai dai shi da danginsa irin su ibufurofen da nafuroksen suna da laifi huɗu a jikin mutum kamar Baba. Suna takura ƙoda, musamman in yana shan maganin hawan jini irin lisinofuril ko losatan tare da maganin sa fitsari. Suna ɗaga jinin da ake fama a saukar. Suna iya fasa gyambo a ciki ya yi ta zubar da jini ba a sani ba, sai an ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Sannan yawancin likitocin ƙashin baya suna hana su a watannin farko bayan an sa ƙusoshi, saboda suna iya rage saurin haɗuwar ƙashi. Abin da ya fi aminci shi ne farasitamol, giram 1 sau uku a rana, a bar aƙalla awa shida tsakani, a kuma ba shi kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba. In nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko yana da ciwon hanta, likita zai rage wannan adadin. Ki riƙa karanta bayan kwalin maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, a haka ake zarce ƙa'ida ba a ankara ba.

Yanzu tambayarki ta ainihi. Zugin cinyoyin da ke hana shi tafiya ya tafi, to wannan shi ne abin da aka shiga yi, kuma an yi. A ƙasan baya jijiyoyin ƙafa suna bi ne ta wani rami a tsakiyar ƙasusuwa. Da shekaru, faifan guringuntsi yakan kumbura ya shigo ramin ta gaba, gaɓoɓi su yi ƙari ta gefe, wata igiyar nama ta yi kauri ta baya, sai jijiyoyin su matse. Likita ya cire rufin ƙashin da igiyar nan ya buɗe musu hanya. Jijiyar da aka ɗage wa nauyi takan daina zugi da wuri, amma ji da ƙarfi a hankali suke dawowa, don jijiya in tana sabunta kanta ba ta wuce kimanin milimita 1 a rana, ga nisa daga ƙugu zuwa tafin ƙafa. Ana ba ta wata shida zuwa shekara kafin a ce ga iyakar abin da za a samu. Wani lokacin ma ba duka yake dawowa ba, musamman in matsewar ta ɗauki shekaru.

Ga mai ciwon suga akwai wani ƙarin bayani da ya kamata ku sani tun yanzu, don kada ku ɗora wa aikin laifin da ba nasa ba. Suga da kansa yana cinye jijiyoyin ƙafa, kuma nasa salon daban ne: ƙafa biyun lokaci ɗaya, daga yatsu ya hauro kamar an sa safa, ko yana tafiya ko yana zaune, yakan kuma ƙara zafi da dare. In dindiris ɗin Baba irin wannan ne, wani kaso nasa na suga ne, wuƙar likita ba ta kai nan. Abin da ya rage shi ne kare ƙafar: a duba tafin da tsakanin yatsu kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada kuma a gasa masa ƙafa ko baya da ruwan zafi, don fatar da ba ta ji za ta ƙone bai sani ba.

Batun hutu kuwa, a'a. A nan ne muke so ki fi tsayawa, domin gadon ya fi ƙusoshin haɗari nesa ba kusa ba. Kwana 10 a kwance suna iya cinye kusan kilo 1 na tsokar ƙafafun dattijo ko da lafiyarsa ƙalau, kuma mayar da ita yakan ɗauki ninkin wannan lokacin. Kwanciya tana ɗaga suga, tana ƙafar da ciki, tana tara majina a huhu, tana sa jini ya daskare a sha-raɓa, tana cin fatar mazaunai da diddige. Ita ce kuma ke ƙara masa jirin da yake kafa hujja da shi. Ƙarfin da kuke jira ya zo kafin ya tashi, a tsaye yake zuwa.

Tsoronsa ba wauta ba ne, bayani ne ba a yi masa ba. An murɗa ƙusoshin ne cikin ɓangaren da ya fi ƙarfi a ƙashin, aka ɗaure su da sanduna biyu na ƙarfe. Aikinsu tokara ne, su riƙe L4 da L5 wuri ɗaya har gutsattsarin ƙashin da aka zuba a tsakani su haɗe su zama guda, wanda yakan ɗauki wata uku zuwa shida, ya gama nuna a kusan shekara. Tafiya da baya a miƙe ba ta girgiza su, hasali ma ƙashi yana son a ɗora masa nauyi daidai gwargwado kafin ya kama. Abubuwa uku ne ke wahalar da su: sunkuyo daga ƙugu, murɗa jiki, da ɗaga kaya. A makonni shida na farko kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5, wasu likitocin ma sukan ja dokar har wata uku. Jika in ya rugo da gudu, a ɗora masa shi a gefe yana zaune, ba shi zai ɗauka ba. Wata dabara da ke aiki: dattijo ba kasafai yake karɓar umarni daga bakin 'ya'yansa ba, amma in likitan da ya yi aikin ya nuna masa hoton ƙusoshin a zaune daram, ya ce da bakinsa "Baba, ka yi tafiya", magana ta ƙare. Ki roƙi likitan ya yi hakan.

Tashi daga gado yana da tsari, kuma a nan ake yawan murɗa bayan. Yana kwance rigingine, sai ya lanƙwasa gwiwoyi biyu, tafin ƙafa a kan katifa. Ya juya gefe kafaɗa da ƙugu da gwiwa lokaci ɗaya, kamar ana mirgina gungume. Ya zuro ƙafafu daga bakin gado, a daidai lokacin yana tura jikinsa sama da gwiwar hannun da ke ƙasa da tafin ɗayan hannun. Kada a ja shi ta hannu. In ya zauna, ya yi minti ɗaya ko biyu a bakin gadon yana motsa idon sawu sama da ƙasa kamar sau 20, sannan ya miƙe, ya kuma tsaya ya ƙirga 30 yana riƙe da abin dogarawa kafin ya ɗaga ƙafa. Gadon ya zama mai tsayin da in ya zauna gwiwarsa ba ta fi ƙugunsa tudu ba. Katifa a ƙasa da kujerar da mutum ke nutsewa a ciki ba nasa ba ne yanzu. In masai na tsuguno ne ko gajere, a samo kujerar masai mai hannuwa. Wajen barci, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi in rigingine ne, tsakanin gwiwoyi in a gefe ne.

Ki gwada jirin da na'urar awon jini, tunda mai hawan jini ba ya rasa ta. Ki auna bayan ya yi minti biyar a kwance, ki sake a minti ɗaya da miƙewarsa, ki sake a minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, jininsa ne ke zubewa ƙafafu in ya tashi. Sau da yawa maganin hawan jinin da ya yi masa daidai kafin aiki yanzu ya yi masa yawa, tunda ya rage ci, ya rage sha, ya kuma zubar da jini a tiyata. Ki kai wa likita lambobin, kada ku rage maganin da kanku.

Tafiyar a fara ta ƙanana: minti uku zuwa biyar a cikin gida, sau huɗu zuwa shida a rana, da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, wani yana gefensa ta ɓangaren ƙafar da ta fi rauni. Kowane kwana biyu ko uku a ƙara minti ɗaya ko biyu. Gajeru da yawa sun fi doguwa guda ɗaya wadda za ta kwantar da shi kwana biyu. Abin nema shi ne zuwa mako na shida ya riƙa haɗa minti 20 zuwa 30 a rana. Tsamin baya bayan tafiya ba komai ba ne in ya lafa cikin awa ɗaya ko biyu. In ya kwana da shi ya tashi ya fi na jiya, an zarce, a koma adadin shekaranjiya, ba a koma gado ba. Zama kada ya wuce minti 30 a jere. A naɗe darduma da wayoyin da ke ƙasa, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare, takalmi kuma mai rufe diddige, ba silifa ba, don ƙafar da ba ta jin ƙasa ba ta sanin lokacin da silifa ya zame. Atisayen masu gashin ƙashi na sosai, na ƙarfafa tsokar ciki da ɗuwawu, yawanci sai bayan mako shida, ga wanda aka sa wa ƙusoshi wani lokacin har mako 12, kuma likitan aikin ne ke ba da izini. Ɗamarar baya sai in shi ya ce a sa.

Suga 240 da safe a ma'aunin mg/dL, wato kimanin 13 a ma'aunin mmol/L, ya yi yawa ga mai ɗanyen rauni. In suga ya hau haka, fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta sukan yi sanyi, nama ya yi jinkirin haɗewa, ƙarfen da ke ciki kuma wuri ne da ƙwayar cuta ke son maƙalewa. Abin da ake so a wannan lokacin shi ne yawancin awon su tsaya ƙasa da 180, na safe kuma tsakanin 90 da 150 ga dattijo mai cututtuka da yawa. Ki riƙa aunawa sau huɗu, kafin kowane abinci da lokacin kwanciya, ki rubuta. In likita ya ce a sa shi a insulin na 'yan makonni, kada Baba ya ɗauka ciwon ne ya ci gaba, sau da yawa ana janyewa in rauni ya warke. Ki kuma tuna sugan da ya tashi ba dalili wani lokacin shi ne alamar farko ta cuta a wurin aiki, tun kafin zazzaɓi, kuma tsofaffi da yawa ba sa ma yin zazzaɓin.

Ɗaya gefen ma yana da nasa haɗarin. Maganin suga gilibenkilamaid yakan daɗe a jikin mai raunin ƙoda ya jefar da suga cikin dare, tiramadol ma yakan taimaka masa. In sambatun ya sake dawowa, abu na farko ki tsira masa yatsa ki auna. Ƙasa da 70, in yana iya haɗiya, ki ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai. Metfomin kuma, wani maganin sugan, ana rage shi in ma'aunin ƙoda na eGFR ya sauka ƙasa da 45, a daina in ya yi ƙasa da 30, a kuma dakatar da shi ranar da ake amai ko gudawa.

Wurin aikin ki dube shi kullum da haske mai kyau, ki ɗauki hotonsa da waya don ki iya kwatanta na yau da na jiya, ido shi kaɗai yakan yaudari mai gani kullum. Kuna cikin kwanakin da cutar rauni ta fi bayyana, mako na biyu zuwa na huɗu. Zare ko ƙarafunan ɗinki yawanci ana cire su tsakanin kwana 10 da 14, bayan nan bai kamata a ga danshi ba. Ja da ke faɗaɗa, ɗumi, kumburi, mugunya, bakin rauni da ya buɗe, zafin jiki digiri 38, ko ciwon baya da ya fara sauƙi ya dawo da ƙarfi har yana hana barci, duk na komawa asibiti ne a ranar. Ruwa garau da ke tsattsafowa tare da ciwon kai mai tasowa in ya miƙe ya lafa in ya kwanta, wannan ruwan laka ne ke yoyo. Kada a shafa wa wurin komai, kada a jiƙa shi a baho.

Akwai waɗanda ko tsakar dare ne sai a fita: fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, bayan gida ya kufce masa, tsakanin cinyoyi da mazaunai su mutu har bai jin lokacin da ake goge masa, ko ƙafa ta yi sabon rauni ya kasa ɗaga yatsunta. Wannan matsewar jijiyoyi ce da ake lissafin ta da sa'o'i. Haka sha-raɓa ɗaya da ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji. In da ma yana shan maganin tsinka jini irin asfirin ko wafarin aka dakatar don aikin, ki tabbatar an faɗa muku ranar komawa kansa, don wannan yana cikin abin da ake mantawa a takardar sallama.

Ba ki ambaci bayan gida ba, amma mai shan tiramadol yana kwance da wuya ya tsira daga maƙarƙashiya, yunƙurin kuma yana taɓa bayan. A ba shi maganin sakin ciki: senna da dare, da laktulos ko makurogol in ba ta isa ba. Masu ɗauke da magniziyam da na ɗurawa ta dubura masu fosfet ba su dace da mai raunin ƙoda ba. Ruwa kimanin lita ɗaya da rabi a rana, sai in likitan ƙoda ko na zuciya ya ƙayyade masa ƙasa da haka. Kwana uku ba fita, a kira likita. Abinci mai gina jiki a raba shi a kowane ci, dattijo mai warkewa yakan buƙaci furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, amma saboda ƙodar Baba a bar likita ya yanke adadin. Ki tambaya ko an taɓa auna ƙwarin ƙashinsa da bitamin D, tunda ƙashi mai laushi ne ke sakin ƙusa. In yana shan sigari ko wani abu mai nikotin, a bar shi gaba ɗaya, yana hana ƙashi haɗuwa.

Mafi yawan sauƙin da za a gani yana zuwa ne cikin wata ukun farko, sauran ya biyo a hankali har shekara. Mai suga da ƙoda yakan yi jinkiri fiye da tsaransa, kuma ɗan ciwon baya yakan rage ko da ƙafafu sun saki. Ki riƙa auna ci gaban da minti nawa yake tafiya kafin ya nemi zama, ki kwatanta da minti biyar ɗin da. Ki samu ƙaramin littafi, shafi ɗaya kowace rana: awon suga huɗu, awon jini a kwance da a tsaye, tafiya nawa da mintocinta, maganin da ya sha da lokacinsa, ya fita bayan gida ko bai fita ba, da yadda daren ya kasance. Shafin farko ki fara shi da daren shekaranjiya: ƙarfe nawa sambatun ya fara, me ya sha kafin nan, da ranar da aka fara ba shi diklofenak.